Ƙuri'ar da aka dangwala da zoɓo

Shekarun baya, tun gashin kaina bai fara ja da baya ba, ni ne mai bakin ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Barking da kewaye, a gabashin Landan. In za a rubuta takardar koke, ni za a nema. In gardamar siyasar gida ta tashi bayan an ci tuwo, ni ne na ƙarshen yin shiru. Ina karatun digiri na biyu a wata jami'a da ke Aldwych a lokacin, na haddace tarihin 'yan gwagwarmayar Afirka kamar karatun allo, kuma ba na barin kowa ya manta da hakan. Labarin da zan ba ku yau na daɗe ina kewaye shi, don ba ya cikin waɗanda nake fitowa da kyau a cikinsu.

A shekarar an yi zaɓe a gida, aka sanar da sakamakon da ya bar mutane riƙe da baki. Ba zan ce muku wanne ba, kowa ya ɗauki nasa, ai ba su yi kaɗan ba. Muka shirya zanga-zanga a titin ofisoshin jakadanci da ke kusa da Charing Cross. Ni na riƙe lasifika. Na yi ihu har muryata ta dishe: a ƙirga ƙuri'ar kowa, ƙuri'ar talaka amana ce. Ranar ji nake da za a miƙa mini ƙasar, kafin magariba na gyara ta.

Cikin waɗanda suka fito akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Mutumin zango ne daga Ghana, ya shigo Landan tun yana saurayi, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Hannuwansa suna karkarwa, ko kofi ba ya iya riƙewa sai da hannu biyu. Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa. Da muka tashi ya kama hannun rigata, ya nuna mini dandalin da ke gaba kaɗan da sandarsa.

Ya ce, "Ɗana, can muka tsaya zamanin da baƙin mutum ba shi jefa ƙuri'a a Afirka ta Kudu. Ruwa, sanyi, ɗan sanda, duka mun sha. Ban san ko mutum ɗaya a ƙasar ba. Amma ranar da na gani a talabijin tsofaffi sun yi layi za su jefa, na yi kuka."

Ya dafa kafaɗata ya ce na tuna masa da kansa. Na koma gida a jirgin ƙarƙashin ƙasa, kaina ya fi ƙarfin hulata.

Mako biyu bayan nan lokacin zaɓen shugaban ƙungiyarmu ya zo. Mutum biyu suka tsaya. Na farko maigidana ne, Alhajin da ya ɗauke ni a filin jirgi ranar da na sauka, ya ba ni ɗaki a gidansa wata takwas bai karɓi ko sisi ba, kuma shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Ta biyu wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Filato, Kirista, muna kiranta Sista. Duk wahalar ƙungiyar a wuyanta take. Ita ke zagaya marasa lafiya, ita ke rubuta wa council, wato ƙaramar hukuma, wasiƙa in an takura wa wani, ita ta yi ta faɗi-tashi har aka sauko da Baba daga hawa na huɗu zuwa flat na ƙasa da gwiwarsa ta ƙi hawa bene. Duk da haka akwai masu ƙus-ƙus a gefe, wai mace ce, wai kuma ba tamu ba ce. Ba a faɗa a fili, amma kowa ya ji.

Da aka zo batun wanda zai ƙirga ƙuri'a, Baba ne ya ɗaga sandarsa ya nuna ni.

"Wannan yaro ya san darajar ƙuri'a. Na ji shi da kunnena."

Aka ce kowane ɗan takara ya kawo wakili. Ɓangaren maigidana suka ba da wani dattijo abokinsa. Sista ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Ƙanena ne zai ƙirga, wane wakili kuma? Na yarda da shi."

Ranar Lahadi ce bayan la'asar, a wani ɗakin taro da muka yi haya. Ni na buga takardun, kowace da sunaye biyu, da ɗan akwati a gaban kowane suna. Na tsaya na yi bayani da bakina cewa kowa ya yi alama a gaban sunan wanda yake so. Iyakar abin da na faɗa ke nan, ban ce da me za a yi alamar ba. Akwatin zaɓenmu gwangwanin biskit ne da na tsaga murfinsa da wuƙa. Sista ce ta dafa shinkafar taron, ita ta kawo zoɓo cikin manyan robobi.

Da aka gama jefawa, ni da dattijon nan muka shiga ɗan kicin ɗin da ke gefe muka rufe ƙofa. Ina warewa yana kallo. Maigidana talatin. Sista talatin. Na san mutum sittin da ɗaya suka jefa, sai na leƙa cikin gwangwanin, na ga wata takarda ta manne a gindinsa saboda danshi. Na ɓamɓaro ta. Babu alamar biro a jikinta. A gaban sunan Sista akwai shatin babban yatsa, ja, raɗau, har layukan fatar sun fito.

Ba sai an gaya mini mai ita ba. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan da hannunsa ba ya iya riƙe biro. Ya tsoma yatsa a kofin zoɓonsa ya dangwala, yadda ake yi a gida.

Ina so ku ji wannan da kyau, don a nan ne duk lokacin da nake ba kaina labarin nake so in yi ƙari. Ba wanda ya ce in yi komai. Dattijon da ke gefena gyaran murya kawai ya yi, ya ɗaga kai yana kallon silin, ya ce, "To, kai ne mai ilimin." Ni kuwa abin da ya faɗo mini ɗakin nan ne na wata takwas, da bargon da matar Alhaji ta ba ni a sanyina na farko, da yadda zan fita in kalli idonsa in ce ya faɗi da ƙuri'a ɗaya, kuma a hannuna. Na ce wa kaina ai kunya ce, ai halacci ne. Sai na ji bakina yana cewa, "Wannan ba alamar biro ba ce. Ta lalace." Na ninke ta na sa a aljihu.

Na fito na sanar da murya irin ta manyan jami'ai: sittin da ɗaya aka jefa, ɗaya ta lalace, an yi kunnen doki. Baba yana zaune a layin gaba, hannuwansa biyu a kan sanda. Na ga ya juya babban yatsansa ya dube shi, har lokacin da jan zoɓo a jiki. Ya ɗago ya dube ni. Sai ya zura hannun cikin aljihun kwat ɗinsa.

Sauran kun san yadda muke yi. Aka ce tunda an yi kunnen doki, dattawa su shiga su yi maslaha. Suka shiga, suka fito, maslaha ta faɗa kan maigidana, aka ce Sista ta zama mataimakiya. Ta tashi ta yi godiya, ta taya shi murna, ta juyo ta ce mini, "Sannu da aiki, ƙanena." Sannan ta tattara kulolinta. Ni na taya ta kai su mota, ina ta zuba mata surutu kan yadda dimokuraɗiyya take da wuyar sha'ani.

Ba ta yi fushi a fili ba. Ta zo taro biyu, na uku ta ce tana aiki. A hankali iyalan da suke zuwa saboda ita suka ɗauke ƙafa, taronmu ya koma mu ya mu. Baba ma ya daina zuwa, aka ce gwiwa ce. Takardar kuwa na kasa jefar da ita. Na cusa ta cikin wani littafin tarihin gwagwarmaya da nake yawan ɗauko magana daga cikinsa, daga ranar kuma ban sake buɗe littafin ba. Na ci gaba da zagin masu maguɗin gida a intanet, sai dai duk sanda na rubuta, sai in ji kamar wani yana karantawa ta bayan kafaɗata. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ni kuwa na hau nawa na yi zamana har da shimfiɗa.

An kusa shekara, wata rana a falon maigidana ya gabatar da ni ga baƙinsa, ya ce, "Wannan ɗana ne, gaskiyarsa har tsoro take ba ni." Na tsame hannuna daga abincin da muke ci. Da baƙin suka tafi na zauna a ƙasa gabansa na faɗa masa komai. Ina tsammanin zai ce Allah ya yi mini albarka, a bar maganar a nan.

Sai ya ce, "Wa ya aike ka?"

Na ce, "Ba kowa, Alhaji. Na ga alherin da ka yi mini ne."

Ya ce, "Ɗaki na ba ka. Ban ce ka biya ni da haƙƙin wata ba. Shekara guda ka ɗora ni a kan kujerar da ba tawa ba, ina zaune ina yi wa mutane wa'azin amana." Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce zai kira taro, kuma da bakina zan faɗa.

Kafin taron na kira Sista a waya. Ina ta kame-kame ta katse ni.

"Na sani tun ranar, ƙanena. Ni na riƙe masa kofin da ya tsoma yatsan."

Na ce, "Me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "In ce me? Ni na ce na yarda da kai a gaban jama'a. Na bari in ga ko za ka faɗa da kanka. It took you long enough, ka dai daɗe."

Na faɗa a taro, ban ɗago kai ba har na gama. Maigidana ya sauka. Aka sake zaɓe, aka zazzage gwangwanin a kan tebur gaban kowa, Sista ta ci da ratar da ba ta buƙatar zoɓo. Ba wanda ya sake ba ni ƙirga, kuma ban ga laifinsu ba.

Wurin Baba na bari a ƙarshe, don shi na fi tsoro. Na same shi a flat ɗinsa yana jin rediyo. Na durƙusa na fito da takardar, jan ya koma ruwan ƙasa. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Ɗana, shekara da shekaru ina jefa ƙuri'a a ƙasar nan. Tunda hannu ya fara rawa, in na je, baturiya shi kan taimake ni, ya tambaye ni ina nike so, ya sa a wurin. Mutanen da na tsaya cikin ruwa ina zagin danginsu, ba su taɓa ce ƙuri'ata ya lalace ba. Sai ɗana."

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun ranar, don a shekarunsa ba ya kwana da kowa a ciki. Ya sa na dafa mana shayi, muka sha, ya ba ni labarin aikin jirgi. Da zan tafi na miƙa masa takardar, na ce tasa ce.

Ya ture hannuna a hankali. "Ni na riga na jefa. Kai ne ba ka ƙirga ba. Riƙe."

Baba ya rasu shekaru kaɗan bayan nan, Allah ya jiƙansa. Sista ce ta tsaya kan komai na asibiti har ƙarshe.

Har yau ina magana kan zaɓe, kuma har yau ina ganin wanda ya sace ƙuri'ar jama'a ya kamata a tuhume shi a fili. Abin da ya canja shi ne na daina tunanin wasu irin mutane ne daban suke yi. Da ina zaton sai an ba mutum jakar kuɗi ko an ɗora masa bindiga. Ni ba a ba ni komai ba, ba a tsorata ni ba, kujerar ma ta ƙungiyar mutum sittin ce da gwangwanin biskit. Nauyin idon mutum ɗaya kawai na ji, na sa masa suna halacci. In haka ta ishe ni, ban san me zan yi ba da an sa ni a ɗakin da ake ƙirga ta jiha guda, kuma wannan rashin sanin shi ne yake ba ni kunya har yanzu.

Takardar tana cikin littafin, a kan kantar da ke bayana. Duk sanda na zauna zan rubuta muku wani abu mai zafi kan masu maguɗi, nakan ɗauko ta tukuna in buɗe. Sista talatin da ɗaya.