Takalman da Suka Tare Mana Hanya

Da safiyar Talata, sha biyu ga Nuwamba, na buɗe ƙofar gidanka na tarar da takalma sun cika lungun da ke kaiwa ɗaki. Dogayen takalman fata ne, bibbiyu, daga wannan bango zuwa wancan, duk sun fuskanci ƙofa kamar masu jiran a ce su fito. Suna ƙyalli. Ƙamshin man takalmi ya cika gidan, irin na wanda bai gama bushewa ba. Kai kuwa, Hinnerk Paulsen, tun Litinin da la'asar ka rasu a asibiti nan Hamburg, bayan jinyar da ta kai ko cokali ba ka iya riƙewa. Makullin gidan guda ne, yana aljihuna tun ran da aka kwantar da kai.

Ni ne Tjark, mai dako a tashar jiragen ruwa. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da na gani ba ya ɓace mini.

Shara muka zo yi, ni da Sönke, shugaban ƙungiyarmu ta maza masu son maza da ke ado da kayan fata. Kai ka fara wannan shara a shekarun da ƙanjamau ke ɗauke mazanmu ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya cika da safe, kafin iyayensa su sauka daga jirgin ƙasa ka shiga ɗakinsa ka kwashe jaket da hula da sarƙoƙi da bulala, ka shimfiɗa farin zanen gado, ka sa fure a kofi. "Kukan ɗanta uwa ta zo yi," haka kake cewa, "ba kallon abin mamaki ba." Kayan kuwa ka wanke ka gyara, a yi gwanjonsu a mashaya, a sayi abinci da barguna don marasa lafiyan da ba mai leƙa su. Wanda ba a zo neman gawarsa ba, takalminsa ba ka sayarwa. Kana ajiye su ne a kan katako can ƙuryar ɗakinka.

Duk Juma'a kana kan 'yar kujerarka a bakin mashaya kana shushaina, abin da aka jefa a gwangwani na gidan jinya ne. Ran da na fara zuwa ina raɓe-raɓe da takalmin aikina da gishiri ya ci, ka ce, "Kai Kunkuru, in sai ka gama tunani za ka zauna, to a zo a binne ni." Na zauna. Ba ka taɓa takalmin ba sai da ka dube ni ka ce, "Ka yarda?" Wannan ce dokarmu ta farko, ba a taɓa mutum ko kayansa sai an tambaya ya ce e. Kai har matattu kake tambaya. Na sha ganinka durƙushe gaban katakon nan, ka kira sunan mai takalmi, ka tsaya kana jiran amsa. Wani lokaci ka ɗauka ka goge. Wani lokaci ka wuce na gaba ka ce, "Yau Ottokar ba ya so."

Da na karye a ƙafa, kai ka riƙa hawo bene da tukunyar miyar dankali, kana haki, kana zagina wai da gangan na zaɓi hawa na sama.

Ƙanwarka Frauke za ta iso daga ƙauye da rana. Iyakar saninmu, abin da ta sani kawai shi ne yayanta tsohon ma'aikacin gidan waya ne da bai yi aure ba. Wanda ya rufa wa kowa asiri, dole a rufa masa nasa kafin ta zo.

Sönke ya ce, "Shiga mana, Kunkuru, lokaci na tafiya."

"Ai kai ne shugaba, ranka ya daɗe. Fara."

Ya ɗaga ƙafa, ya dubi takalmin da ke gaba, ya sauke. "Na Ottokar ne," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Ni na rufe masa ido."

Babu wurin sa ƙafa sai an kawar da na wani, mu kuma ba mu san yadda kake jin amsarsu ba. Haka muka yi ta tsayuwa, ƙarti biyu da buhuna a hannu, har muka ji ƙarar sanda a kan matakala. Frauke ce ta samu jirgin safe, maƙwabciyarka Madam Dierks na nuna mata hanya. 'Yar tsohuwa ce Frauke, fuskarka sak. Ta dubi takalman, ta hango ɗakin a buɗe da duk abin da ke rataye a bango.

"Na abokansa ne?"

"E, Mama."

"Suna ina?"

"Sun rasu."

"To nasa fa?"

Sai a lokacin na lura. Can ƙarshen layi naka yake, shi kaɗai ba a goge ba, ƙura ta rufe shi. Na ce mata ba ma taɓawa sai da izinin mai shi, ko za ta ba ni a madadinka.

"Ni wa? Tambaye shi da bakinka, ɗana."

Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Maigida, Tjark ne. Ka yarda?" Tagogi a rufe suke. Muka jira, jira kam na iya. Can sai wuyan takalmin hagu ya rusuna a hankali ya fuskanto mu, fatar ta yi 'yar ƙarar nan da takan yi in ka sunkuya.

Frauke ce ta ratsa. Kowanne ta zo sai ta ce, "Gafara dai, samari," ta dakata kaɗan, ta matsar da shi da hannunta. Ta kawo mini naka na goge a kan matakala. Ta dubi Sönke ta ce, "Mayar da buhunan nan. Gidan yayana na zo gani, ba ɗakin otal ba." Ko tsinke ba a fitar daga gidan nan ba, Maigida. Da takalminka a ƙafa aka binne ka, ita ta ce a yi haka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya rufa maka asiri a can kamar yadda ka rufa wa bayinsa a nan. Ya ba Mama Frauke da 'ya'yanta haƙuri, da 'yan ƙungiya, da majinyatan da har yanzu suke tambayar yaushe za ka zo.

Wanda ya goge takalman nan ya jera su, ban sani ba, ba kuma zan ƙara a kan abin da na gani ba. Amma ba ni kaɗai na gani ba. Sönke Brodersen yana wurin, da Frauke Paulsen, da Madam Dierks ta hawa na biyu, wadda har yau in za ta wuce ƙofar sai ta ce gafara.