Keken Ɗinkin Goggo

Kukan keken ɗinki na fara ji da na shiga gidan goggona a Tibiri, a hutun lakwal, wato makaranta, na bana. Duk takawa ɗaya sai ya yi ƙara kamar tsohon ƙyaure. Goggo ta ga na tsura masa ido.

"Ke kurma, kallo kawai kika iya? In kin sa ya yi shiru, a kansa zan koya miki ɗinki kafin ki koma Maraɗi."

Na riƙe maganar.

Da na buɗe cikinsa sai na ji warin man gyaɗa. Shi Goggo take ɗiga masa, ya daskare da ƙura da guntayen zare har ya zama kamar ƙaro. Na riƙa tsoma gashin kaza a kananzir ina bin kowane lungu. Na wanke ƙoshiyar da zare ke zama a ciki, na ɗiga man keke na gaskiya a ƙananan ramukan. Farcena duk ya yi baƙi.

Ranar da ya daina kuka, na ɗauko ƙyallen da zan fara koyo da shi. Ina fitowa na tarar ana ɗaure kan keken a bayan kabu-kabu.

"Garin Jiratawa za a kai wa yayarki," in ji Goggo, ba ta dube ni ba. "Da ma ta ce ba ta karɓarsa da wannan kukan. Sannu da aiki, 'yata."

Na naɗe ƙyallen a hannu.

"Goggo, don Allah ki sa a mai da ni gida gobe."