Ƙararrawar Gidan Tokuji

Shekara talatin da takwas Murase Tokuji ya yi yana hura wutar ɗumama ruwa a gidan wankan jama'a na unguwarsu, har bayan hannunsa ya zama babu gashi ko ɗaya. Da aka rufe gidan wankan, wata uku ya yi a zaune yana kallon bango kamar an yi masa mutuwa. Ƙungiyar unguwa ce ta cece shi, ta ɗora masa aikin bin gida-gida yana duba ƙararrawar hayaƙi, wadda doka ta ce dole a manna a silin ɗin ɗakin kwana da saman matattakala. Yadda ya riƙi aikin, sai ka rantse sarauta aka ba shi.

Ba laifinsa ba ne. Unguwar ta tsofaffin gidajen katako ce, bango jingine da bango, lungun ko motar kwana-kwana ba ta shiga. Wanda ya yi rayuwarsa a bakin wuta ya san mintin da busasshen katako yake ɗauka kafin ya kama, kuma Tokuji yana tsoron abin ƙwarai.

Da sandar gora yake yawo, mai ƙugiya a kai, don jan zaren gwajin ƙararrawar. Mutanen unguwar kuwa sun iya sallamar baƙo daga bakin ƙofa cikin ladabi.

“Tana aiki, Baba Murase, jiya-jiya na gwada ta,” in ji Kuwabara maƙwabciyarsa, bazawara mai son gasa kifi.

“Madalla. Bari in ji da kunnena.”

“Ikon Allah! Ko surukata ba ta taɓa wuce nan ba, sai kai?”

Ya tuɓe takalmi ya kutsa. Ga ƙararrawar can sama, an rufe ta ruf da hular wanka ta leda.

“Wanka take yi ne?”

“Haba, kifi ɗaya zan gasa ta tara min jama'a. Kunya nake ji in dami maƙwabta.”

“Ranar da za ki dame mu da gaske, ba kunya za ki ji ba,” ya ce, ya sa ƙugiya ya cire hular.

A waje bakinsa yake da kaifi. A gida akwai maganar da ba ya son a taɓa: matarsa Sumie ta fara mantuwa, kuma kullum ita kaɗai yake bari da murhu. Sau biyu a kakar nan tukunyar kabewa ta ƙone ƙurmus. Ran nan ya tarar da buta ta ƙafe a kan hitar kananzir mai ɗumama ɗaki, wata rana kuma kyandir ɗin da take kunnawa a gaban hotunan iyayenta ya cinye har gindi. Ga shi kwanan nan in ya yi mata magana sai ta yi banza da shi. Wannan bai dame shi ba, shekara hamsin da aure ai ya saba da fushinta marar dalili.

'Yarsu Noriko ta bugo waya daga birnin Nagoya.

“Baba, ka ajiye sandar nan ka zauna da Mama, ko ka kawo min ita.”

“Ke, a gidan nan aka haife ta, ina za ta je? Ƙararrawa huɗu na manna, sababbi dal, har da kicin da dokar ba ta tilasta mana ba. Hayaƙi kaɗan ya tashi, za ta ji ta kashe wutar.”

“Ka tabbata?”

“Ni kike tambaya?”

Haka ya ci gaba da fita, hankalinsa rabi a silin ɗin mutane, rabi a gida.

Sanyi ya shigo da busasshiyar iska, kwana goma sha shida ko ɗigon ruwa babu. Motar kwana-kwana na bin babban titi a hankali tana gargaɗi da lasifika. Rannan da tsakar rana Tokuji na dawowa, tun daga bakin lungu hancinsa ya ɗauko ƙauri. Tsoho mai shekara saba'in da shida ya sheƙa a guje, sandar na dukan bango.

Babu gobara. Tsumman goge hannu ne ya taɓa wuta ya babbake a gefe ɗaya, Sumie ta jefa shi cikin ruwa, ta ci gaba da yanka farin radish, wata saiwa mai kama da karas, ta ba ƙofa baya. Tukunya na tafasa kusa da gwiwar hannunta. Hayaƙin bai kai ya ta da ƙararrawar ba, amma zuciyar Tokuji ta ƙi kwanciya. Ya ɗaga sanda ya ja zaren.

Ƙara ta cika gidan, mai huda kunne, muryar na'urar na maimaita, “Gobara! Gobara!” Karen gidan baya ya hau haushi. Ya ji Kuwabara ta zuge tagarta tana kiran sunansa.

Wuƙar Sumie ba ta canja tafiya ba. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ko kafaɗarta ba ta motsa ba, ga ƙararrawar daidai saman kanta. Tokuji ya tsaya riƙe da sanda, ya ƙura wa kunnenta ido.

Sai da ta juyo ɗaukar gishiri ta gan shi.

“Au, Baban Noriko, ka dawo? Ka wani tsaya kamar gunki. To ja zaren mana, mu ji ko tamu ma tana da rai.”

Ta koma kan tukunyarta, ta miƙa hannu ta saman wutar, hannun rigarta na lilo.