Harsashin da Ya Ƙi Shiga

Ni haifaffen Hindawiyya ne, a Jidda. Kakana ya zo aikin hajji daga Kano bai koma ba, mahaifina ya yi ɗinki har ya rasu, ni kuma aka kai ni wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a unguwar Waziriyya in koyi sassaƙar ƙarfe da inji. Mai warshar dattijo ne, Bahaushen Sudan, muna ce masa Ammi Ɗahiru. Shi ya koya mini awon ƙarfe, shi ya nema mini iƙama, takardar izinin zama, wajen kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, shi ya tsaya mini a aurena. Har na kai shekara ashirin da takwas, da mata da 'ya ɗaya, ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba. Abin da ke damuna ɗaya ne: ina son a ce babu aikin da ya gagari hannuna.

Wata ranar Talata bayan azahar, Ammi ya tafi cin abinci, sai ga Salim, wani mutum da ya saba kawo mana gyaran famfon ruwa. Ya ɗora kwalin dabino a kan teburi ya buɗe. Harsasan ƙaramar bindiga ne a ciki. Ya ce wani abokinsa ne ke tara kwanson da aka riga aka harba, ya sake cika shi. Matsalar ita ce rabinsu sun ƙi shiga bindigar, sai su tsaya a hanya, ta ƙi rufuwa.

Na ce, "Ya akhi, ɗauke wannan daga nan. Ba ruwana."

Ya ce, "Halas, shi ke nan, ba komai. Dama na kai wa wani gwani a Ammariyya, ya kasa gane ciwon. Na zaci ka fi shi ne."

Wannan maganar ce ta kama ni. Na ɗauki ɗaya na auna, na sake aunawa. Kwanson ya ɗan kumbura, kumburin da bai fi kaurin gashi ba, wasu kuma sun ɗan yi tsawo. Kafin Ammi ya dawo na gyara biyar. Salim ya ɗauko bindigar daga mota, muka gwada, suka shige sumul. Ya buga kafaɗata ya ce, "Wallahi hannunka dahab ne, zinariya zalla." Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar da farin ciki na koma gida.

Daga nan ya zama duk harsashin da ya ƙi shiga, wajena ake kawo shi. Ban taɓa tambayar inda suke zuwa ba. Na riƙa gaya wa kaina ni ba na cikawa, ba na sayarwa, ba na harbi, awo kawai nake yi.

Bayan wata huɗu Ammi yana share ƙarƙashin inji ya ga garin tagulla da ya zubo daga kwanson harsasai. Ya murza shi a yatsa ya dube ni.

"Ya waladi, ɗana, yaushe muka fara aikin tagulla a nan?"

Na ce wani makulli na gyara wa maƙwabci. Ya ce in rantse, na rantse. Ya ce, "Halas, na yarda da kai," ya ci gaba da shararsa.

Kwalin ƙarshe ya zo ranar Alhamis. Salim yana sauri, wai ɗan'uwansu zai yi aure gobe a bayan gari, samari na son harbi sama. Da na duba na ga kwansunan sun gaji. An cika su sau da yawa, jikinsu ya yi siriri, biyu ma har da ɗan tsagu. Na ce masa waɗannan ba su gyaruwa, a zubar.

Ya ce, "Yalla mana, ka sa su shiga kawai. Sama za a harba, wa zai ji ciwo?"

Na san amsar. Na san harsashin da ya ƙi shiga ba tilasta masa ake yi ba. Amma na sa magagari na rage su, har suka shiga.

Washegari bayan la'asar bindigar ta tarwatse a hannun ƙanen ango. Sunansa Majid, shekararsa goma sha tara. Ƙarfe ya shige masa wuya, bai kai asibiti ba. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoton da mai bincike ya ajiye a gabana.

Ranar Lahadi da safe 'yan sanda suka zo warsha, Salim ne ya nuna musu. Suka kama ni, suka haɗa da Ammi. Muna cikin mota, hannunsa ɗaure da nawa, ya ce, "Ka gaya musu kuskure suka yi, ya waladi. Ka gaya musu ba ma irin wannan aikin." Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona.

Na shaida cewa bai san komai ba, aka sake shi bayan wasu makonni. Amma an rufe warshar, kafilin ya janye hannunsa, aka mayar da shi Sudan, ƙasar da ya bari tun yana saurayi, ga shi babu zaman lafiya. Ina kurkuku aka ce mini ya rasu. Ban samu na roƙi gafararsa ba.

A kotu mahaifin Majid ya nemi izinin yi mini tambaya ɗaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Lokacin da kake gyara su, ka san ba su da kyau?" Na ce, "Na sani." Ya gyaɗa kai ya zauna. Shekara bakwai na yi a ɗaure, babu ranar da ban ji wannan tambayar ba.

Da wa'adina ya cika ba gida aka kai ni ba. Daga kurkuku sai filin jirgi, sai Kano, garin da ban taɓa gani ba, inda ake dariyar Hausata. Matata ta nemi saki tun a shekara ta uku, ban ga laifinta ba. 'Yata in na kira ta sai ta gaishe ni da Larabci ta miƙa wa uwarta wayar. Mahaifiyata tana nan Hindawiyya, ƙafa ta ƙi, ba za ta iya zuwa ba, ni kuma an hana ni komawa. Na san ba zan ɗauki gawarta ba.

Na tuba, ina kan tuba, amma tubana bai tayar da Majid ba, bai dawo da Ammi ba. Ku samari masu sana'a a hannu, ku ji ni. Ba kullum ɓarna ke zuwa da kuɗi ba, wani lokaci da yabo take zuwa. In aka kawo muku aikin da sai maigida ya fita za ku iya taɓa shi, ku mayar wa mai shi. In aka ce kun kasa, ku ce e, mun kasa. Da na faɗi wannan kalmar tun ranar da Salim ya kawo kwalin farko, da yau Majid ma ya yi nasa auren.