Kuɗin Damina

Yayana ya sayar da shanun da ya gada ya sayi tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, ya sa ta hanyar Dogon Dutsi zuwa Dogon Kiriya. Da ita yake ci da iyalinsa, ranar da ba ta fita ba sai an taɓa rumbu. Ni kuwa ina da ɗan teburin sabulu da sukari a bakin tasha, don haka komai a kan idona aka yi shi.

Tun da na yi wayo, hanyar nan kuɗinta biyu ne. Da rani motoci sun yi yawa, direbobi na rububin fasinja, har tayawa ake yi. In ruwa ya zauna koramu suka kawo, sai kuɗin ya hau, shi ake ce wa kuɗin damina. Fasinja ya yi tsaki, ya yi mita, ya biya, ya isa gida. Daga ƙarin nan direba ke gyaran abin da hanya ta karya, daga nan kuma yake sallamar mutanen ƙauye da ke barin nomansu su tura motar in ta kafe. Ba wanda ya rubuta wannan tsari, kuma bai taɓa barin kowa a daji ba.

Sai wata shekara wasu manya suka zo daga babban birni cikin mota mai sanyi. Da rani suka zo, mana, wa zai ɓata takalminsa? Suka zauna a inuwa, suka sha lemo, suka gano cewa direbobi na cutar talakawa. Kafin su koma an kafa allo a tasha: kuɗin mota ɗaya ne, rani da damina, wanda ya ƙara a kama shi. Tausayin nasu bai kai ga haraji ba. Fatantin da direba ke biya duk shekara yana nan. Igiyar da ake gitta wa motoci a bakin gari tana nan, da tikitinta mai cewa na gyaran hanya ne, hanyar da ramukanta suka girme ni. Esansi, man motar kansa, ya yi tsada, allo bai ji labari ba.

Gwaggonmu, ƙanwar babanmu, a Dogon Kiriya take aure, duk ranar kasuwa tana kawo man gyaɗa. Da aka karanta mata allon, guɗa ta rangaɗa a tsakiyar tasha.

"Yau ɓarayi sun ga ta kansu!" in ji ta, tana nuna direbobi da baki, har da ɗan wanta.

Yayana ya ce, "Gwaggo, bari ruwa shi sauka tukuna."

Da ruwa ya sauka, ya yi ta zuwa a kan kuɗin allo yana dawowa da asara. Ran nan ya roƙi fasinja su ɗan ƙara, wani mai kishin doka ya kai ƙara, aka tsare motar a bayan biro, wato ofishin hukuma, har ciyawa ta fito ƙarƙashinta. Da aka sake ta bai ƙara roƙon kowa ba. Masu turi kuwa ya koma sallamarsu da godiya, har suka gaji da ita.

Ranar da motar ta kafe a tsakiyar korama, manoman suna gonakinsu. Suka ɗaga kai, suka yi masa sannu, suka ci gaba da noma. Ban ga laifinsu ba, godiya ba ta cika rumbu. Fasinja suka fita da ƙafa, ruwa ya ƙaru ya shiga inji. A matsayin tsohon ƙarfe wani ɗan ƙetaren iyaka ya saye ta. Na ga yayana ya bi ta da kallo ana jan ta, raina ya ɓaci, har yau kuma bai gama hucewa ba.

Sauran direbobi ba su jira nasu rabon ba, suka koma kan kwalta. Kuɗin Dogon Kiriya ya zama mafi araha a duk ƙasar Arewa, abin da babu kawai shi ne mota. Allon dai an kula da shi, har sabon fenti aka yi masa.

Ana cikin haka gwaggo ta iso kan babur a bayan ɗan kabu-kabu, wanda ya caje ta abin da ko a damina mafi muni ba a taɓa biya ba. Zane duk taɓo, rabin man ya tsiyaye a hanya. Ta tarar da yayana zaune a gefen teburina yana taya ni ƙulla sukari.

"Kai, ina motar taka? Yaushe za ka tashi? Ni ba ni koma hawan wanga abu."

Bai ɗaga kai ba sai da ya gama ƙullin da ke hannunsa. Sannan ya nuna mata da baki, kamar yadda ta nuna shi ran nan.

"Gwaggo, ga allo can, shi na mai araha. Hau shi ki tahi gida."