Kankanar da ke cikin durowa

Murray Feldblum mai wanki da guga ne a Queens, kuma duk unguwa ta san ciwonsa: gwanjon hotuna. Irin masu launi rau-rau ɗin nan da ake bugawa da fenti ta cikin ƙyallen siliki, kwalbar lemo, leɓen mace, takalmi ƙafa ɗaya. Ranar gwanjo sai ya garƙame shago, ya zura kwat ɗin da wani ya manta bai karɓa ba, ya nufi Manhattan, ya zauna can baya yana ɗaga katinsa yana tayi.

Amma bangon gidansa fayau yake. Duk abin da ya sayo sai ya shimfiɗa shi tsakanin takardu ya rufe a durowa, wai haske na cin launi. Gaskiya ne, yana ci, sai dai mutumin ya wuce gona da iri.

Matarsa Roz guda ɗaya tal take so, takardar hoton wata yankakkiyar kankana da ta gani ranar da aka kawo ta.

"Murray, don Allah rataya min kankanar nan a kicin. Gida sai ka ce asibiti."

"Kicin? Ga rana, ga tururi? Ke dai so kike ki kashe ni."

"To tsoho, ka auri durowar mana, kowa ya huta."

Haka suka tsufa suna wannan faɗan, har ciwon suga ya taɓa idonta. Likita bai ɓoye musu ba, ganin tafiya yake yi. Murray ya ji, hankalinsa ya tashi, amma hali ya riga ya zauna. Ya ce zai rataya, amma sai an samo gilashi mai tare haske, sai an samo gwanin firam, wato katakon da ake zagaye hoto da shi. Ranar da aka gama, Roz ba ta bambanta taga da bango.

Ya ɓalle firam ɗin da hannunsa, ya ɗora mata takardar a cinya, shi da ko da safar hannu ba ya bari a taɓa. Ta bi tudun fentin da yatsa a hankali.

"Wane irin ja ne? Na manta."

Ya san shekarar bugawa, ya san lambarta, ya san ɗakin gwanjon da ya saye ta. Ya buɗe baki, sai kuka ya ƙwace masa.

"Yi a hankali," in ji Roz, tana janye takardar gefe. "Kar ka jiƙa ta."