Almakashin Doña Petronila

Shekara ashirin da bakwai ina taya Doña Petronila rataye takardun nan, ni da na yi makaranta har aji shida, ni da nake karanta wa mutanen gidan hayarmu wasiƙunsu ina hura hanci. Don haka duk wanda zai zarge ta, to ya fara da ni.

Petronila, wadda nake kira Nila, gajeriya ce, mai hannu kamar na maƙeri. Tana da shekara goma sha huɗu aka kawo ta birnin Meziko daga wani ƙauye na Puebla, aka sa ta aikatau a gidan Aurelia Zubiaga, tauraruwar fim ɗin nan da iyayenmu maza ke cire hula in sun wuce hotonta a ƙofar silima. Shekara ashirin da biyar tana yi mata guga, tana taje mata gashi, tana korar masu kawo furanni. Ba ta yi aure ba, ba ta koyi karatu ba. Da Aurelia ta rasu, Petronila ta kama ɗakin da ke kusa da nawa a unguwar Portales, tana yi wa mutane guga. Ita ta riƙe 'yata Marisol ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna comadre.

Ba a yin hirar minti goma da ita ba ta sako uwar ɗakinta ba. Ka ce tumatir ya yi tsada, sai ta ce uwar ɗakinta ba ta cin ɗanyensa. Wani lokacin har raina yakan ɓaci. Ta sha ba ni labarin wani ɗaki a saman bene inda Aurelia ke kulle kanta da wayoyi da ƙarafa, ta fito tana ƙaurin dalma, yatsunta duk ƙuna. Petronila ce ke shafa mata magani ta sa mata safar hannu, 'yan jarida kuwa su rubuta cewa sabon ado ne ta fito da shi.

"Me take yi a ciki?" na taɓa tambayarta.

"Wasan masu kuɗi mana, comadre. Wasu kare suke kiwo, ita ƙarfe."

Bayan jana'iza dangi suka kwashe sarƙoƙi da riguna, suka fitar da wani akwatin katako bakin ƙofa don masu shara. Petronila ta ɗora shi a ka ta taho da shi. Cike yake da takardu marasa kauri, shara-shara, masu zane-zane da lambobi. Da ta nuna mini, na duba sama-sama na ce ai zanen ɗinki ne, irin na teloli. Da bakina na faɗa, kuma da gadara.

Da Ranar Matattu ta farko ta zo, wato ranar da ake cewa mamata na kawo ziyara gida, kowa ya tafi kasuwa sayen yankakkiyar takarda mai launi ta ratayawa a kan teburin mamatansa. Petronila ta ce ita ba za ta tarbi uwar ɗakinta da takardar da kowace mai sayar da albasa ke saya ba. Takardar da hannun mutum ya taɓa, in ji ta, ita ce za ta fi nuna masa hanyar gida. Sai ta ɗauko goma daga akwatin, ta ninke, ta sa almakashi. Ta fitar da furanni, da tsuntsaye, da ƙoƙon kai masu dariya. Ban taɓa ganin yanka mai kyau irin nata ba, har daga wasu gidaje ake zuwa kallo. Kowace shekara sababbi goma take yankawa, ni ce mai hawa kujera in ɗaura zaren. In biki ya wuce sai ta goge su da dutsen guga mai ɗumi ta mayar ƙasan akwatin, don ita ko tsinke ba ta yarwa.

Wata Lahadi da la'asar, cikin Oktoban 1998, aka ce za a nuna shirin tarihin Aurelia a talabijin. Petronila ta sa mayafinta na zuwa coci, ta jawo kujera zuwa ɗakina, saboda talabijin tawa ce mai launi. Rabin sa'ar farko ba ta bar ni da Marisol mun ji komai ba.

"Wannan rigar ni na goge ta. Wancan mai gashin bakin, marowaci ne, ko sannu ba ya yi wa mutum."

Daga nan sai aka nuno wani tsoho mai gyaran injin majigi, Don Casimiro. Ya ce a zamaninsu fim yakan kama da wuta a cikin inji saboda zafin fitila, silima ta ƙone da mutane a ciki. Ya ce wata 'yar na'ura ce ta kawo ƙarshen wannan bala'i a gidajen silimar ƙasar nan, kuma ko da yake sunan wani Injiniya Ballesteros ne a kanta, shi ya gani da idonsa Aurelia ce ta ƙera ta. Mai shirin, wata yarinya mai suna Yunuen Robledo, ta ce shekara huɗu tana neman zanen Aurelia, don su kaɗai ne shaida. Ta ce an yi imanin masu shara sun tafi da su. Guda ɗaya tak ta samu, sai ta ɗaga ta a gaban kamara.

Takardar ce. Kaurin ɗaya, zanen ɗaya, har da sa hannun nan mai doguwar jela a gefe. Na kasa juyawa in dubi Petronila, sai na ji kujerarta ta yi ƙara.

"Comadre," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ba ke kika ce na teloli ne ba?"

"Ni ce."

"Kin karanta kuwa?"

"Ban karanta ba, Nila. Dubawa kawai na yi."

Ba ta zage ni ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta tashi ta shiga ɗakinta, muka bi ta. Ta buɗe akwatin ta tsaya tana kallon aikin hannunta, sannan ta zauna a ƙasa daɓas, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce shekara ashirin da biyar ko kofi ba ta fasa wa matar nan ba.

Ni na so a rufe maganar, ba zan ɓoye ba, kunya ce ta ishe ni. Petronila ta ce a kira su. Marisol ta buga waya gidan talabijin, ranar Alhamis da hantsi sai ga Yunuen da Don Casimiro a tsakar gidanmu. Muka shimfiɗa zannuwan gado, muka jera takardun ɗaya bayan ɗaya, kusan ɗari uku. Yunuen ta toshe baki da hannu. Guda goma sha ɗaya ne almakashi bai taɓa ba, su ma ba komai a kansu sai jerin kusoshi, domin Petronila masu cikar zane take fara zaɓa, su ne suka fi kyau in hasken kyandir ya ratsa su.

Don Casimiro ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaga guda yana leƙen rana ta idon ƙoƙon kai.

"Nan ne zuciyar injin take," ya ce. "Daidai inda kika yi masa haƙora, señora."

"Ba za ta haɗu ba ke nan?" in ji Petronila.

"Ko ni da na sha kwance na'urar, ba zan iya karanta wannan ba."

Ya ajiye, ya ɗauki wata, ya sake ɗaukar wata. Sai na ga ya daina duban tsakiya, gefe yake bi da yatsa. Ya kira Yunuen. A kowace takarda, komai yawan hujin da ke jikinta, sa hannun Aurelia na nan lafiya lau, da kwanan wata a ƙarƙashinsa. Wani an kewaye shi da fure, wani a ƙirjin tsuntsu. Kwanakin kuma sun riga rajistar da Ballesteros ya yi wa na'urar da shekara uku.

"Da gangan kika bar su?" Yunuen ta tambaya.

"Shi kaɗai na iya ganewa a rubutu duk duniya," in ji Petronila. "Sunanta ne. Ta yaya zan sa masa almakashi?"

Yunuen ta ce wannan zai sa a saurare ta, ko da ba zai isa a canza sunan da ke kan na'urar ba. Ta rungume Petronila, Petronila kuwa ta tsaya ƙiƙam. Suka tafi da akwatin.

Da Ranar Matattu ta zagayo na sayo takarda mai launi na kai mata, ta ce in mayar ɗakina. Ta jera furanni da burodi da kofin cakulan a gaban hoton Aurelia, sama kuwa zare ne kawai ba komai a jikinsa. Sai ta ciro almakashin daga aljihunta ta ajiye kusa da kofin.

"Me zai yi a nan kuma, Nila?"

"In ta zo ta gani," ta ce. "Ban saba ɓoye mata ɓarna ba."